TUTA A WUTSIYAR JIRGI: SA NAWA ZA MU ƘARA SAYARWA?



Wani zai ce, me ya haɗa mai sanda da jirgin sama? Abin da ya haɗa mu kuwa a fili yake. Babu makiyayin da ke zuwa aikin Hajji da albashi. Da bijimai ake zuwa, kuma kaso mai tsoka na kuɗin kujera na jirgi ne. In kuɗin jirgi ya hau, sai an ƙara kama wani sa a garke. Haka nan in gwamnati ta buɗe kamfanin jiragen sama ya yi asara, daga baitulmali za a cike gurbin, baitulmalin da kuɗin karar da muke biya a kowace kasuwa da kuɗin duwan da muke biya a kowace iyaka ke shiga. Saboda haka muna da bakin magana, kuma za mu yi ta.

Maganar ita ce: kusan duk gwamnatin da ta hau a ƙasashenmu sai ta yi alkawarin kafa kamfanin jiragen sama na ƙasa, mai tuta a wutsiya. Masu goyon bayan wannan kuma ba su tsayawa nan. Sai su ce dole a tsare jaririn kamfanin daga kamfanonin araha masu dogon zango, a hana su sauka, ko a ƙayyade musu farashi, wai don martabar ƙasa. Mu a namu gani wannan shawara cuta ce ga talaka, kuma tarihi na nan yana ba da shaida.

YADDA AKA CINYE AIR AFRIQUE

An riga an gwada abin da suke kira a yi. A ranar 28 ga watan Maris 1961, ƙasashe goma sha ɗaya suka sa hannu a birnin Yawunde suka kafa Air Afrique, cikinsu har da Nijar, Cadi da Kamaru. Aka ajiye hedkwatarsa a Abijan. Aka ba shi abin da kowane ɗan kasuwa ke mafarki, wato kasuwa ba abokin gasa. Tsakanin ƙasashenmu da Faransa, shi da kamfanin Faransa mai suna UTA suka raba hanya kamar yadda mahauta biyu ke raba sa, suka kuma daidaita farashi a tsakaninsu. Wanda bai iya biya ba, sai ya zauna gida.

To, me wannan kariya ta haifa? Kowace ƙasa ta riƙa cusa nata mutane a aiki, ko da aikin ko babu. Ma'aikatun gwamnati suka riƙa karɓar tikiti bashi ba su biya. Kamaru ta fice a 1971, Gabon ta bi sahu bayan 'yan shekaru. A 1989 da abin ya kai maƙura aka ɗauko Bafaranshe, Yves Roland-Billecart, aka ba shi shugabanci. Ya sayo sababbin jirage bashi, sai ga faɗuwar darajar kuɗin sefa a watan Janairu 1994 ta ninka bashin in an auna shi da kuɗinmu. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace jiragen. Lokacin da kamfanin ya durƙushe a 2002 yana da ma'aikata sama da 4,000, alhali jiragen da ke hannunsa ba su kai goma ba. Kowane makiyayi ya san abin da ke faruwa ga saniya ɗaya mai masu tatsa goma sha ɗaya, babu mai kai mata ko dusa.

Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Nigeria Airways ya tsaya a 2003. Ghana Airways ya watse a 2005. Cameroon Airlines ya rufe a 2008. Cadi ta kafa Tchadia Airlines a 2018, aka rushe shi a 2022 saboda asara. A watan Mayu 2023 aka kawo wani jirgi Abuja an rubuta masa Nigeria Air, aka yi biki, daga baya ta bayyana cewa jirgin na kamfanin Habasha ne aka yi wa fenti. Duk cikin waɗannan babu ɗaya da kamfanin araha ya kashe. Masu gidan ne suka cinye su.

RANAR DA ARAHA TA ZO YANKINMU

Matasa ba su sani ba, amma yankin Sahel yana cikin wuraren farko da aka ga jirgin araha mai dogon zango. Wata ƙungiyar matafiya ta garin Mulhouse a Faransa, ƙarƙashin Maurice Freund, ta kafa kamfanin Point Air, ta soma kai mutane daga birnin Liyon zuwa Wagadugu a farkon shekarun 1980, a kan kuɗin da bai kai rabin abin da UTA da Air Afrique ke karɓa ba. Dalibi da lebura da ƙaramin ɗan kasuwa, waɗanda ba su taɓa tunanin hawa jirgi ba, suka soma hawa. In jirgin zai koma kuma, sai ya ɗauki ɗanyen waken da manoman Burkina suka noma ya kai kasuwar Turai. Manyan kamfanonin nan biyu ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan. A 1987 hukumar jiragen saman Faransa ta dakatar da jiragen Point Air a kan maganar gyara da kula, ƙungiyar kuma ta karye a 1988.

Mutumin ya sake dawowa a tsakiyar shekarun 1990 da sunan Point-Afrique, yana sauke 'yan yawon buɗe ido kai tsaye a Gawo, Agadas da Atar ta Muritaniya, garuruwan da manyan kamfanoni ba su ko kallo. Mutanen Ayar sun san abin da hakan ya kawo. Mai raƙumi ya samu haya, mai akuya ya samu mai saye, mata sun sayar da cuku da kayan fata, maƙera sun sayar da azurfa. Rashin tsaro ne ya tsayar da wannan hanya daga baya. Muna tambayar masu kiran a kare kamfanin tuta: a duk shekaru arba'in na Air Afrique, wane mai raƙumi ne ya ci moriyarsa kamar haka?

A TURAI MA HAKA AKA YI

Kada a zaci wannan halin namu ne kawai. A watan Satumba 1977 wani Bature ɗan Ingila, Freddie Laker, ya buɗe jirgin da ya kira Skytrain tsakanin Landan da Niyok ta Amurka, a kan fam 59 zuwa kawai. Sai da ya yi shekaru yana shari'a da hukumomi kafin su ba shi izini. Da ya soma, manyan kamfanoni suka karya nasu farashi a kan hanyoyinsa, suna asara da gangan don su ga bayansa. Ga faɗuwar darajar fam, ga bashin jirage da ya ci da dalar Amurka. A watan Fabrairu 1982 ya karye da bashin fam wajen miliyan 270. Aka kai ƙarar British Airways da Pan Am da Lufthansa da wasu a kotun Amurka a kan sun haɗa baki, aka sasanta a wajen kotu a 1985, suka biya kuɗi. Duk ɗan kara ya san wannan dabara. Baƙon falke ya zo yana saye da daraja, sai manyan kasuwa su haɗa kai su ɗaga masa ciniki har jarinsa ya ƙare. Ranar da ya tafi, sai su dawo su saye dabbarka yadda suka ga dama.

A zamaninmu kamfanin Norwegian ya sake gwadawa daga 2013, da sababbin jirage samfurin Boeing 787 masu ƙarancin shan mai. Me manyan suka yi? Masu British Airways da Iberia suka buɗe nasu kamfanin araha mai suna Level a 2017. Air France ta buɗe Joon a shekarar, ta rufe shi a 2019. Kusan dukansu suka fito da tikiti mai rahusa wanda babu kaya a cikinsa. Wato ashe da can ma suna iya rage kuɗi, rashin mai matsa musu ne ya hana. Da annobar korona ta zo a 2020, gwamnatin Faransa ta tallafa wa Air France da yuro biliyan 7, ta Jamus ta tsaya wa Lufthansa da biliyan 9. Shi kuwa Norwegian, a watan Janairu 2021 ya sanar da cewa ya bar dogon zango gaba ɗaya. Da mai uban da ke biya masa bashi da maraya, in suka yi kokawa, kowa ya san wanda zai tashi.

ARAHA MA TANA DA NATA CIWO

Ba mu zo yi wa kamfanonin araha kirari ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wajibi ne mu gaya wa 'yan uwa inda take yoyo.

Dabarar araha an gina ta ne a kan gajeren zango. Jirgi ya yi tafiyar awa ɗaya ko biyu, ya sauke, cikin rabin awa ya juya, ya yi sawu shida ko fiye a yini, ba abinci, ba kwanan ma'aikata a otal. Kamar mai motar da ke jigilar awaki tsakanin ƙauye da kasuwar mako. Dogon zango kuwa kamar lodin shanu ne daga Tawa zuwa Legas. Mai shi ne babban kashin kuɗi, kuma da mai araha da mai tsada duk farashi ɗaya suke sayensa. Jirgin ba ya yin fiye da zuwa da dawowa a yini. Ma'aikata dole su kwana su huta. Saboda haka ratar da mai araha zai iya ragewa kaɗan ce.

Bayan wannan, babban kamfani yana da nonon da mai araha ba ya da shi. Yana da kujerun gaba na manya, inda mutum ɗaya ke biyan kuɗin mutum huɗu ko biyar. Yana da kayan da yake lodawa a cikin cikin jirgi. Yana da ƙananan jirage masu tara masa fasinja daga garuruwa da yawa su kawo babbar tasharsa, kamar yadda ƙananan kasuwanni ke ciyar da babbar kara. Mai araha ya dogara da masu yawon hutu, su kuwa damina gare su da rani. In lokacin sanyi ya zo a Turai, kujeru su zauna wayam, bashin jirgi kuwa ba ya jira.

Shi ya sa suke mutuwa farat ɗaya. Primera Air ya tsaya a watan Oktoba 2018. WOW air na ƙasar Aisland, mai tallar zuwa Amurka a kan dala 99, ya tsaya ranar 28 ga Maris 2019, ya bar dubban fasinjoji a filayen jirgi da tikiti a hannu. Kuma kuɗin da ake talla da shi ba shi ne kuɗin da ake biya ba. Jaka da kuɗinta, abinci da kuɗinsa, zaɓen kujera da kuɗinsa. Ɗan kasuwar da zai dawo daga Jidda ko Dubai da kaya, in bai yi lissafi ba, sai ya tarar arahar ta fi tsada. Duk wannan gaskiya ne. Amma maganinsa doka ce da sa ido. Ba a rufe rijiya don guga ya tsinke.

AMSA GA MASU CE MANA MUN MANTA DA NAMAN TURAI

Akwai masu ilimin boko da ke cewa: ku makiyaya, ba ku ne kuka yi ta kuka a farkon shekarun 1990 ba, lokacin da daskararren naman Turai ya cika kasuwannin Abijan da Akara da Kwatano, ya karya darajar shanunku? Yaya kuka nemi kariya a lokacin, yanzu kuma kuke hana a kare jirgin ƙasarku?

Ba mu manta ba, kuma tambayar ta taimake mu. Me ya sa naman nan ya yi araha? Ba don Bature ya fi mu iya kiwo da sauƙin kuɗi ba ne. Gwamnatocin Turai ne ke biyan masu fitar da shi tallafi a kan kowane kilo, don su rabu da rarar da ta yi musu yawa. Da aka matsa musu a 1993 suka rage tallafin, sefa kuma ta faɗi a 1994, nan take shanun Sahel suka koma kasuwannin bakin teku. Abin da muka yi yaƙi da shi ke nan: ɗan kasuwar da baitulmali ke ɗauke wa asara. To, a kasuwar jiragen sama wane ne baitulmali ke ɗauke wa asara? Kamfanin tuta ne. Mai araha da kuɗin masu jarinsa yake caca, in ya faɗi su ya faɗa wa. Kamfanin tuta in ya faɗi, a kanmu yake faɗowa, har da wanda bai taɓa ganin cikin jirgi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Suna kuma cewa baƙo ba shi da amana, ranar wuya gudu yake yi. Sun kawo misalin watan Agusta 2023, lokacin da Air France ta dakatar da zuwa Yamai da Bamako da Wagadugu. To ai Air France ba kamfanin araha ba ne, shi ne ma uban masu tuta. Darasin da ke cikin wannan shi ne kada ƙasa ta rataya wuyanta a kan kamfani ɗaya, na gida ne ko na waje. Garken da ke da mashaya biyar ba ya mutuwa don ɗaya ta ƙafe.

WANDA YA IYA, BA YA TSORON GASA

Za su ce, ga Habasha. Gaskiya ne, Ethiopian Airlines mallakar gwamnati ne ɗungurungum, ya soma tashi a 1946, kuma jiragensa sun haura ɗari tun 2018. Amma a duba yadda aka riƙe shi. Sarki ya wuce, soja sun wuce, farar hula sun zo, ana barin ƙwararrun da suka taso cikin kamfanin su tafiyar da shi a matsayin kasuwanci. Ya mai da Adis Ababa mahaɗar Afirka da Asiya da Turai, yana kokawa da manyan kamfanonin Larabawa da na Turkiyya a kan fasinja ɗaya. Da haɗin gwiwarsa aka kafa ASKY a Lome, wanda ya soma aiki a 2010 ya maye wani gurbi na Air Afrique.

Ga kuma abin da ya fi shafar mu. Ana yanka awaki da tumaki a mayankan garin Mojo, a sanyaya naman, jirgin Habasha ya kai shi Dubai da Saudiyya. Makiyayin Borana da na yankin Somali suna cin kasuwar Larabawa ta sama. Mu ma an taɓa yi. A shekarun 1950 da 1960 ana yanka shanu a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, jirgi ya kai naman Barazabil da Libarabil. Yau dabbarmu ce ke shan kwanaki a kan kamyo, tana ramewa, ana tatsar mai ita a kowane shinge. Daga Yamai zuwa Jidda wajen kilomita 4,000 ne, tafiyar da jirgi ke yi tsakanin hantsi da la'asar. Jirgin da zai ɗauki namanmu da kilishinmu ya kai can, ba ruwanmu da launin wutsiyarsa.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, a cika alkawarin da aka sa wa hannu. Tun watan Nuwamba 1999 ministocin Afirka suka amince a Yamusukuro cewa a buɗe sararin sama tsakanin ƙasashenmu. A watan Janairu 2018 aka sake ƙaddamar da kasuwar sama ta bai ɗaya a Adis Ababa. Takarda ta yi yawa, a aikata. Duk kamfanin da jiragensa ke da lafiya, a bar shi ya sauka.

Na biyu, a rage harajin da ake ɗorawa a kan tikiti. Yammacin Afirka na cikin wuraren da suka fi tsadar harajin filin jirgi a duniya, har shugabannin CEDEAO da kansu suka yanke shawara a watan Disamba 2024 cewa a soke wasu haraji a kuma rage wasu kuɗaɗe da kashi 25 cikin ɗari. Da ƙasashen da ke cikin ƙungiyar da waɗanda suka fita, duk wannan gyara ya kamace su. Babu mai araha da zai zo inda haraji kaɗai ya kusa kuɗin kujera.

Na uku, jigilar alhazai a riƙa bayar da ita a fili. A kira kamfanoni, kowa ya faɗi farashinsa a gaban jama'a, a buga a jarida a karanta a rediyo. Saudiyya da kanta tana da kamfanin araha, flynas, wanda ya daɗe yana ɗaukar alhazan Afirka ta Yamma. In masu masaukin ba su ga aibin araha ba, don me za a ce mana ita abin kunya ce?

Na huɗu, duk kamfanin da zai sayar da tikiti a ƙasa, mai araha ne ko mai tuta, ya ajiye kuɗin jingina a banki, domin ranar da ya karye a dawo da mutane gida a mayar musu da kuɗinsu. A kuma tilasta masa ya rubuta cikakken farashi, har da na kaya, tun kafin a biya.

Na biyar, in har gwamnati na da biliyoyin da za ta zuba a harkar jirgi, ta zuba su a ƙasa: mayanka mai tsabta da kasuwar waje za ta yarda da ita, ɗakin sanyi a filin jirgi, allurar rigakafi da takardar likitan dabbobi da ake karɓa a ko'ina. Wannan shi ke kawo jirgi da kansa, domin jirgi kaya yake bi.

'Yan uwa, martabar ƙasa ba a fenti take ba. Ranar da tsoho zai sauke farali da bijimai biyu maimakon huɗu, ranar da naman Abalak da na Dakwaro zai kwana a kasuwar Jidda, ranar ce ƙasa ta yi martaba. Muna kira ga ardo-ardo, shugabannin kara da wakilanmu a majalisa, duk inda aka taso da maganar sabon kamfanin tuta, su yi tambaya uku: nawa za a kashe, wa zai biya in an yi asara, kuma wa za a hana sauka dominsa? In ba a ba su amsa ba, kada su ɗaga hannu.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu, ya kai mu ɗakinsa mai alfarma da guminmu. Amin.